Muhammadu Bello na Wurno: Sarkin Musulmin da ya rubuta littafi a kan basir, da halin da muke ciki a zamanin tiramol

Idan aka ce maka akwai Sarkin Musulmin da ya zauna ya rubuta littafi sukutum a kan ciwon basir, wani a kan ciwon ido, wani kuma a kan ganyen filasko da yadda ake amfani da shi, mai yiwuwa ka ɗauka irin labaran nan ne da ake turawa a WhatsApp, ba kai ba gindi. To gaskiya ne. Mutumin ya shugabanci ɗaya daga cikin dauloli mafi girma a Afirka har shekara 20, kuma kabarinsa yana nan Wurno. Ɗan Shinaka ko Goronyo ko Rabah in ya hau babur da hantsi, zai je ya yi ziyara ya dawo kafin azahar.

Sunansa Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A makaranta an koya mana shi a matsayin jarumi kuma magajin mahaifinsa, muka haddace shekaru biyu uku don jarrabawa, shi ke nan. Ɓangaren da ba a cika faɗa mana ba shi ne yadda ya ɗauki harkar lafiya da magani da muhimmanci. Wannan ɓangaren ne ya fi shafar mu yanzu, lokacin da maganin tari da na ciwon jiki suka zama abin da ke cinye samarinmu da 'yan matanmu.

Yaron Degel

An haifi Bello a 1781. Mahaifiyarsa Hauwa'u ce, wadda ake kira Inna Garka. Ya tashi a Degel, a yankin Gwadabawa ta yau, cikin gidan da karatu shi ne sana'a. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa, da baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, da yayansa Muhammadu Sa'adu. Larabci, nahawu, tafsiri, hadisi, fiƙihu, duk a tsakar gida ya same su. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda sunanta ya cika duniya daga baya, a wannan gidan ta tashi ita ma.

A lokacin Degel na ƙarƙashin Gobir, kuma dangantaka tsakanin jama'ar Shehu da fadar Alƙalawa sai ƙara tsami take yi. Sarki Nafata ya kafa dokokin takura wa jama'ar. Da ɗansa Yunfa ya hau, abin ya kai maƙura. A watan Fabrairun 1804 Shehu da mutanensa suka yi hijira zuwa Gudu. Bello na da shekara 22 zuwa 23 a lokacin. Ka duba da kyau, sa'anmu ne, shekarun da yawancinmu ke aji uku ko huɗu a jami'a, ko ake jiran takardar bautar ƙasa.

Shekarun wuya

A watan Yunin 1804 aka gwabza a Tafkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi nasara ƙarƙashin jagorancin Abdullahi. Amma nasarar ba ta kawo hutu ba. Ƙarshen shekarar aka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda aka rasa mutane kusan 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A 1805 aka sake shan kashi a Alwasa. Tsakanin waɗannan yaƙe-yaƙe jama'a na yawo da mata da yara, ba abinci isasshe, ga cututtuka. Wanda ya ga irin wannan yana ɗan shekara 20 da 'yan kai, ba sai an zaunar da shi an yi masa bayanin darajar lafiya ba.

A waɗannan shekarun ne Bello ya fito fili. Shi ake aikawa ya gana da shugabannin jama'a na gabas, shi ke rubuta wasiƙu, shi ke jan rundunoni. A 1808 ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, inda Yunfa ya rasa ransa. A 1809 ya fara gina Sakkwato, wadda a da ƙaramin wuri ce a kan tudu kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato. A 1812 Shehu ya raba aikin gudanarwa gida biyu: yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Bello. A wannan shekarar ce kuma ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har yau duk mai binciken tarihin jihadin sai ya bi ta kansa. Cikinsa akwai musayar wasiƙun da aka yi da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno, wanda ya ƙalubalanci hujjar yaƙin. Bello bai ɓoye maganar abokin hamayyarsa ba, ya kawo ta, sannan ya ba da amsa. Mu da muke toshe mutum a Facebook don kawai ya saɓa mana, akwai abin dubawa a nan.

Sarauta da rigingimu

Shehu ya rasu a watan Afrilun 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Mulkin bai fara da daɗi ba. Wurare da dama sun yi tawaye. Mafi zafi shi ne na Abdussalami, malami kuma tsohon almajirin Shehu, wanda ke zaune a Kware. An yi ta musayar wasiƙu, daga ƙarshe aka yi yaƙi a farkon 1818, Abdussalami ya samu rauni ya rasu a Bakura. Bello ya rubuta labarin rikicin da kansa a Sardul Kalami. Tsakaninsa da baffansa Abdullahi ma an samu sanyin dangantaka a kan maganar gado, sai da Bello ya kai masa ɗauki a yaƙin Kalambaina sannan zukata suka haɗu.

Kada mu yi wa tarihi kwalliyar da ba tasa ba. Zamanin Bello zamanin yaƙi ne kusan kowace rani, zamanin kame da cinikin bayi ne, kuma akwai al'ummomin da har yau labarin da kakanninsu suka bar musu game da waɗannan shekarun mai ɗaci ne. Mutum ne da ya rayu cikin wannan duniyar, ya kuma yi mulki da kayan aikinta. Abin da ya bambanta shi da sarakuna da yawa shi ne alƙalami bai taɓa barin hannunsa ba. Ana lissafa masa rubuce-rubuce sama da 100.

A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa aikin shugaba ne ya kula da masu sana'o'in da jama'a ba sa iya rayuwa sai da su, ya kuma tabbatar kowane gari ya samu rabonsa. Da ya zo lissafa su, ya sa manoma, maƙera, maɗinka, marina, mahauta, masassaƙa, ya kuma sa masu magani a jerin. Wato a wurinsa garin da ba mai duba marar lafiya, garin bai cika ba, kuma laifin na shugaba ne.

Sarki da littattafan magani

Bello ya bar littattafai da dama a fannin lafiya. Akwai waɗanda ya tattara abin da ya zo a hadisai game da magani, irin su Al-Mawaridun Nabawiyya da Ujalatur Rakib. Akwai Masugul Lujaini a kan cututtukan ido. Akwai Al-Ƙaulul Mansur a kan basir da magungunansa. Akwai wanda ya keɓe wa filasko, ganyen nan da Larabawa ke kira sana, wanda ake sha don wanke ciki. Ya yi rubutu a kan tsutsar ciki da kuma ciwon ƙoda. Bai tsaya ga hadisai kaɗai ba, ya ɗebo daga littattafan likitocin Larabawa na da, waɗanda su ma suka gaji ilimin Girkawa suka ƙara a kai.

Ka lura da cututtukan da ya zaɓa. Basir, ido, tsutsa, cushewar ciki. Cututtukan talaka ne, waɗanda mutum ke jin kunyar faɗa ko yake rainawa har su kwantar da shi. Sarkin da ke da wasiƙun Kano da Bauchi da Adamawa a gabansa, ga Gobirawa na jiran sa a bakin daga, bai ga ya fi ƙarfin zama ya yi bayanin basir ba.

Sannan ka lura da cewa ganye guda ya ware wa littafi. Filasko ba baƙon abu ba ne, tsofaffinmu sun san shi. Amma sanin sunan ganye daban, sanin wa ya kamata ya sha, yaushe, da kuma gwargwadon da jiki zai ɗauka daban. Likitocin yau ma sun tabbatar da cewa wanda ya mayar da shan filasko al'ada, ruwan jikinsa na ƙarewa, hanjinsa kuma na iya sabawa har ya kasa aiki sai da shi. Abu ɗaya ne, a wani ma'auni waraka, a wani ma'auni cuta. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ba shi kaɗai ba ne a gidan. Nana Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839 a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, kuma Muhammadu Tukur, ɗaya daga cikin almajiran Shehu, shi ma ya yi rubutu a fannin magani. A wurinsu addu'a da magani tafiya ɗaya suke yi, ba wanda ke korar wani.

Likitan da bai iso ba

A watan Maris na 1824 wani Bature ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato ta hanyar Borno da Kano. Ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo, mijin Nana Asma'u. Tambayoyin da Bello ya riƙa yi masa sun ba shi mamaki, daga rabe-raben ɗariƙun Kiristanci zuwa taurari zuwa abin da Ingila ke yi a Indiya. Da suka zo maganar hulɗa, Clapperton na neman a daina sayar da bayi zuwa bakin teku, Bello kuma ya nemi abubuwa daga Sarkin Ingila George na huɗu. Cikin abin da ya nema har da wakili da zai zauna a ƙasarsa, da kuma likita.

A nan labarin yake da ban tausayi. A tafiyar farko akwai likita tare da Clapperton, Dakta Walter Oudney, amma ya rasu a watan Janairun 1824 kusa da Katagum, ko Kano bai kai ba. A tafiya ta biyu, wadda suka biyo ta bakin teku a ƙarshen 1825, an haɗo shi da likitoci biyu. Dakta Morison ya rasu a ƙasar Yarbawa makonni kaɗan da saukarsu. Dakta Dickson ya bi ta Dahomey, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Likitoci uku, ba wanda ya taka Sakkwato.

Clapperton ya iso a 1826 da kyaututtuka, ciki har da littattafan Larabci. Wanda ya fi faranta wa Bello rai shi ne littafin lissafi na Euclid, domin kwafin da gidansu ke da shi ya ƙone a gobara. Sai dai wannan karon zaman bai yi armashi ba. Sakkwato na yaƙi da Borno, Baturen kuma na ɗauke da saƙo da kaya zuwa wurin al-Kanemi, Bello ya hana su wucewa. Clapperton ya kwanta da atini, ya rasu ranar 13 ga Afrilu, 1827, yaronsa Richard Lander ya binne shi a wajen gari.

Wurno

Bello ya fahimci cewa korar abokan gaba kowace shekara ba za ta kawo zaman lafiya ba. Sai ya ɗauki tsarin ribaɗi: a gina gari mai ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mutane, su yi noma, su yi karatu, su tsare hanya. Ya ƙarfafa wa Fulani makiyaya gwiwa su zauna wuri guda. Wurno ita ce ribaɗinsa na kansa, a can ya fi zama a shekarunsa na ƙarshe. Garuruwa da yawa na kwarin Rima daga wannan tsarin suka samo asali ko suka bunƙasa. Zuriyarsa ta yaɗu a yankin, kuma Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah, tattaɓa-kunnensa ne.

A waɗannan shekarun Alhaji Umaru Futi ya zauna a wurinsa bayan dawowarsa daga Makka, har ya auri 'yarsa. A 1836 Bello ya jagoranci yaƙin Gawakuke, inda ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Shi ne babban yaƙinsa na ƙarshe. Bayan nan ya kwanta jinya ta tsawon watanni, ya rasu a Wurno a watan Oktoban 1837 yana da shekara 56. Bai naɗa magaji ba, ya bar wa masu zaɓe, suka zaɓi ɗan'uwansa Abubakar Atiku. Ɗansa Aliyu Babba ya hau daga baya, kuma a zamaninsa ne Heinrich Barth ya sauka a Wurno a 1853.

Abin da ke faruwa a Turai a daidai lokacin

Ga wani abin da zai ba ka mamaki. A daidai 1804 zuwa 1805, lokacin da Bello ke tsakanin Gudu da Alwasa, wani saurayi Bajamushe mai koyon haɗa magani, Friedrich Sertürner, sa'an Bello ne kusan, ya tace wani sinadari daga ƙaron furen ofiyam. Shi ne mofin. A zamanin Clapperton ruwan ofiyam na cikin magungunan da likitocin Turawa suka fi dogara da su wajen ciwo da gudawa. A 1832, Bello na zaune a Wurno, wani Bafaranshe mai suna Pierre Robiquet ya tace wani sinadarin daga wannan ƙaron. Sunansa kodin. Eh, wannan kodin ɗin dai.

Shekara biyu bayan rasuwar Bello, a 1839, Birtaniya ta shiga yaƙi da Sin saboda hukumomin Sin sun lalata ofiyam ɗin da 'yan kasuwarta ke shigarwa. A 1898 kamfanin Bayer ya fito da hiroyin yana sayar da shi a matsayin maganin tari. A 1977 wani kamfanin Jamus, Grünenthal, ya fito da tiramadol da sunan Tramal, wanda bakinmu ya mayar tiramol. Kowannensu da sunan magani ya shigo duniya, kuma har gobe mofin da tiramadol na taimakon masu ciwon daji da waɗanda aka yi wa tiyata. Matsalar ta fara ne ranar da aka raba maganin da ilimin ma'auninsa.

Daga can zuwa kemis ɗin unguwarmu

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 dangin tiramol, miliyan 2.4 maganin tari. Cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kimanin miliyan uku. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC da ya tayar da ƙura, amma duk wanda ke zama a majalisar samari ya san kwalaben ba su ɓace ba, tsada kawai suka ƙara.

In ka rarraba kayan, gida-gida ne. Akwai dangin ofiyam: tiramol da ake haɗiya, kodin da ake kurɓa ko a juye a lemo, fenta da ake yi da allura. Suna kashe jin ciwo, in sun yi yawa su danne numfashi. Tiramol na da ƙarin sharri, yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Abin da aka amince da shi a asibiti mai miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ke yawo a bayan fage 200 ne ko 225. Akwai masu sa barci, irin su roci da diyazefam, waɗanda haɗa su da kodin ya sha kai mutane barcin da ba a tashi. Akwai wiwi da ake busawa, wadda ke ƙara haɗarin taɓin hankali ga wanda ya fara ta da ƙuruciya. Akwai masu zaburarwa, hodar iblis da ais. Akwai na shaƙa, sholisho da fetur, masu lalata ƙwaƙwalwa, wani lokaci su tsayar da zuciya nan take. Sai na gida, zaƙami da gadagi da sauran haɗe-haɗen da mai sayarwar ma bai san abin da ke ciki ba. Masu allura kuma, in ana karɓa-karɓa da sirinji ɗaya, ga cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta na jira.

A yankinmu abin ba daga gidan biki yake farawa ba sau da yawa. Daga gona yake farawa. Yaro na aikin albasa ko tafarnuwa a fadamar Wurno, ko yana ban-ruwa a ƙasan dam ɗin Goronyo, ko yana kabu-kabu tun asuba, wani ya miƙa masa ƙwaya ɗaya ya ce za ta kashe gajiya. Ta kuwa kashe. Bayan wata biyu ɗaya ba ta isa, sai biyu. Ƙwaƙwalwa ce ta saba, ta rage nata sinadaran na jin daɗi da jure ciwo, ta dogara da na waje. Daga nan ba don ƙarfi yake sha ba kuma, don kada jikinsa ya rushe ne. Kuɗin albasar da aka sha ƙwaya don a noma, a ƙwayar suke ƙarewa. Ga kuma 'yan bindigar da suka addabi gabashin Sakkwato, waɗanda hukumar NDLEA ta sha kama kayan maye a kan hanyar kai musu.

Yadda ake fita

Abu na farko, wannan cuta ce, kuma tana da magani. Wanda ya daina dangin tiramol zai sha wuya na kwanaki: ciwon gaɓoɓi, gumi, hamma, majina, gudawa, rashin barci. Yawanci zafin kan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma akwai magungunan da likita ke bayarwa don rage shi. Amma wanda ya daɗe a kan roci ko diyazefam ko giya, haɗari ne ya yanke rana ɗaya, yana iya faɗuwa da jijjiga. Likita ne ke rage masa a hankali.

Abu na biyu, wanke jiki farkon tafiya ne. Sha'awar kan dawo bayan watanni, musamman in mutum ya koma majalisar da ya baro. Shi ya sa ake haɗawa da zaman ba da shawara, da kula da damuwar da ta tura shi tun farko, da sana'a, da dangin da za su riƙe shi. In ya zame ya koma, ba ƙarshen magana ba ne, a sake kama hannunsa. Sai dai a sani, jikin da ya huta ba ya ɗaukar adadin da, kuma da yawa a nan suke mutuwa. Wanda aka samu ya sheme, numfashinsa na fita da ƙyar, asibiti za a garzaya da shi, ba madara ko manja za a ɗura masa ba. Akwai allurar nalokson da ke farfaɗo da wanda dangin ofiyam suka danne.

Abu na uku, mari da bulala ba magani ba ne. Mun ga abin da aka bankaɗo a 2019 a Rigasa ta Kaduna, inda aka fito da mutane sama da 300 daga wani gida, wasu da sarƙa a ƙafa, aka kuma sake ganin irinsa a Daura da Katsina. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugunta ta sa su ba, rasa mafita ne. To mafitar tana kusa. A Kware, garin da Bello ya fara fuskantar jarrabawar mulkinsa, nan Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yake yau, a kan hanyar Illela, kuma suna karɓar masu matsalar shaye-shaye. Akwai sashen masu taɓin hankali a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ban da kame tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, da layin kira kyauta, 0800 1020 3040. Mun mayar da sunan Kware abin tsokana, wane sai Kware, kuma wannan tsokanar ta hana mutane da yawa zuwa tun abin yana ɗanye.

Bello bai ga zamanin tiramol ba. Amma ya bar mana hali. Ya ɗauki cutar da ake jin kunyarta ya yi mata littafi. Ya san addini fiye da duk mai wa'azin TikTok da ka sani, duk da haka ya aika har Ingila neman likita, ya rasu likitan bai zo ba. Mu kuwa likitan na Kware, kuɗin mota ne tsakaninmu da shi. In kana da aboki ko ƙane ko ƙanwa da ka ga idonta ya canza, kada ka ɗauke ta bidiyo ka ɗora, kada kuma ka jira sai ta faɗi a titi. Zauna da ita, nemi babba ɗaya a gida mai sanyin zuciya, ku shirya tafiya.

Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na kwance a gado da na tsaye a majalisa.